Ƙuri'ar da Na Sa wa Maki

Ina cikin wani shagon takalma a Al Sabkha, nan Dubai, ina ja-in-ja da mai shagon a kan kayan wata baƙuwa da na rako, wayata ta yi ƙara. Hajiya Turai ce, 'yar garinmu mai safarar abaya da turare. Hajiya Turai ba ta kiran mutum. Saƙon murya take turowa, mai tsawon huɗuba, ka saurara ko ka bari. Da na ga kira ne sai na ɗaga wa mai shagon hannu na fito bakin titi.

"Ashiru, kana tsaye ne ko kana zaune?"

"Ina tsaye, Hajiya. Lafiya?"

"Malam Hamisu ya cika. Da asuba, a gida. Har an kai shi."

Na yi salati, na maimaita, ita ma tana yi. Amma tunda na ɗauki alƙalami don in faɗi gaskiya a kan wannan bawan Allah, bari in fara da tawa. Kafin hawaye su zo, wani abu ne ya riga su. Wani sanyi na ji a ƙirjina, wata murya ta ce min: shi ke nan, wanda ya sani ya tafi da abinsa. Na tsaya a bakin titin nan masu tura kaya suna ce min yalla, yalla, wato in kauce musu, ina jin kunyar kaina irin wadda ban taɓa ji ba a shekarun da na yi ina cin abinci da bakina.

Wannan takarda za ta shiga zauren waya na 'yan garinmu, inda kowa yake, har da Alhaji Mamuda, wanda bizata take ƙarƙashin kamfaninsa. Na san haka nake rubutawa.

Ga wanda bai san marigayin ba: Malam Hamisu malamin firamare ne a garinmu tun kafin a san za a yi Dubai a rayuwarmu. Shi ya koyar da ni a aji huɗu. Shi ya naɗa ni monita, ba don na fi kowa ƙoƙari ba. Cewa ya yi, "Bakin nan naka ba ya hutawa, gara in ba shi aiki." Tun daga ranar Monita yake kirana, bai sake kirana Ashiru ba sai in ransa ya ɓaci. Da ya bar koyarwa, Alhaji Mamuda ya kawo shi nan ya riƙe masa sikeli da littafi a ofishinsa na kago, wato na aika kaya gida, da ke Al Buteen. Ni kuma aikina rakiyar baƙi: ɗan kasuwa ya sauka daga Kano, in kai shi inda kaya suke, in yi masa ciniki, in kai kwalayensa wurin Alhaji. Haka malami da ɗalibinsa suka koma cin tuwo a inuwar mutum ɗaya.

Duk wanda ya taɓa aika kaya ya san maki. Alama ce da kowane ɗan kasuwa yake zanawa a jikin kwalinsa don kada kayansa su shiga na wani: haruffa biyu ko uku, wani ya ƙara tauraro, wani ya ja layi a ƙasa. Mu nan maki ya fi suna. Muna sa shi a kwali, a rasit, a jikin tabarmar salla, na san wanda ya zana nasa a gindin tukunyar da yake girki a fulat. Hannu ne yake yi ba tare da ya nemi izinin kai ba. Malam Hamisu kuwa ya haddace makin kowa a Deira, unguwar kasuwarmu. Ya hango kwali daga nesa ya ce, "Wannan na Hajiya ne, amma ba ita ta rubuta ba, hannun ƙanenta ne."

Mutum ne mai ƙananan ayyuka da ba ya so a gani. In kwalin wata baƙuwa ya fashe a baki, zai naɗe shi da sabon salatif bayan ta tafi, ba zai faɗa mata ba. In ka rubuta sunan gari ba daidai ba, zai gyara harafin da jan biro kamar yana duba jarrabawa. Masu dakon nan 'yan Pakistan ya koyi gaisuwarsu, yana tambayarsu iyali. Na sha zuwa in tsaya a kansa ina murmushi in ce, "Malam, kilo biyun nan ai iska ce, a rufe ido." Sai ya kalle ni ta saman tabarau ya ce, "Monita, ni abin da sikeli ya faɗa nake rubutawa. In kana da magana yi da shi." Bai taɓa ɗaga murya ba. Bai kuma taɓa rufe idon ba.

Yanzu maganar makaranta.

Makarantar da ya koyar da mu, ta gwamnati ce, ruwa da iska suka kwashe rufin wani ɓangarenta, bango ya tsage har kana hango waje. Aka haɗa aji biyu a ɗaki ɗaya, wasu suka koma gindin bishiya. Ƙungiyar 'yan garinmu ta tura dattawa babban birnin jiha. Amsar da suka dawo da ita ita ce jiha ta ci bashi har ta kai iyakar da doka ta yarje mata, ba ta da ikon ƙara ko sisi, don haka ba sabon gini sai an rage na baya. Amma aka ba su wasiƙa mai hatimi: idan al'umma ta gina da kanta, gwamnati za ta duba yiwuwar mayar mata da kuɗinta.

Alhaji Mamuda shi ne shugaban reshenmu na nan. Shi ma a makarantar ya yi karatu, kuma wallahi zan yi masa shaida, da zuciya ɗaya yake son ginin. Ya kawo shawara: ƙungiya ta karɓi rance a gida ta gina azuzuwan gaba ɗaya kafin damina, mu na Dubai mu sa hannu mu tsaya mata, tunda sunanmu ne banki zai kalla ya ji sanyi. Ya ma nemo bankin da ba ya ɗora ruwa, don kada wani ya fake da addini. Wannan ƙofa ya toshe ta tun kafin mu kai gare ta.

Abu ɗaya ya tsaya masa. Shekaru da suka wuce, lokacin da aka rubuta dokokin ƙungiya, Malam Hamisu ne ya riƙe alƙalami, kuma ya sa wata ƙa'ida: ƙungiya ba za ta ci bashin da ya wuce abin da gudummawar shekara ɗaya za ta iya biya ba. In ana so a ɗaga wannan iyaka, sai waɗanda nauyin zai hau kansu sun jefa ƙuri'a, kuma a ɓoye. Alhaji ya ce ai mu duka 'yan'uwa ne, a ɗaga hannu kawai a wuce wurin. Malam ya ce, "Ranka ya daɗe, ni na rubuta iyakar nan, na san ba aya ba ce, ana iya ɗaga ta. Amma hannun da aka ɗaga a gaban mai gida ba a san na waye ba." Alhaji ya yi dariya ya ce to, a yi ta Malam.

Wa ya fi kowa tallar wannan rance? Ni. Na bi shaguna, na bi ɗakuna, na ce wa mutane yaranmu suna karatu da kaji. A gaban Alhaji na yi jawabin da ya sa ya ce da siyasa na shiga da tuni na zama kansila. Ba ƙarya nake yi ba gaba ɗaya. Amma na karanta wasiƙar nan sau uku. Ni ɗan kasuwa ne, na san "za mu duba yiwuwa". Ita nake faɗa wa baƙo in ba ni da niyyar sake ɗaukar wayarsa. Gwamnatin da aka ɗaure wa hannu kada ta ci bashi, ita ce za ta biya wanda muka ci a madadinta? In ba ta biya ba, gidan da nake gina wa uwata shi za a zo a auna. Ban faɗa wa kowa wannan ba. Hajiya Turai kaɗai ta faɗe shi a fili, ita da take shigowa da bizarta ta fita, ba ta jiran sa hannun kowa.

Ranar Lahadi bayan la'asar muka taru a fulat ɗin Alhaji a Abu Hail, mu talatin da 'yan kai. Aka ci shinkafa da rago. Malam ya yanka farar takarda ƙanana, ya raba, ya ce kowa ya rubuta E ko A'a, ya ninke, ya jefa a wani kwalin dabino da ya huda wa baki. Na juya baya na jingina takardata da bango, na rubuta A'a. Na ninke, na jefa, na dawo kusa da Alhaji na zauna ina cewa, "Ranka ya daɗe, a fara neman birkila."

Malam ya zauna a tsakiya ya zazzage kwalin a gabansa. Ya buɗe ta farko. Na ga ya daɗe yana kallonta. Ya buɗe ta biyu, ta uku, bai karanto mana ko ɗaya ba. Sai ya ɗago ya bi mu da kallo, irin kallon da yake yi wa aji in duk mun faɗi lissafi ɗaya.

A nan na tuna. Bayan na rubuta A'a, hannuna ya sauka ƙasa ya zana haruffana biyu da ɗan layin da nake ja. Na sa maki. Na duba fuskokin mutane na ga ba ni kaɗai ba ne. Wani ya dafe baki, wani ya sunkuyar da kai yana gyara agogon da ba abin da ya same shi. Mutanen da suka tsallake teku suna juya dukiya, an ce su yi ƙuri'ar sirri, kusan kowa ya sa hannu kamar yana aika kwali Kano.

Malam ya sunkuya kan takardun. Ya ɗauki takarda, ya kare ta da tafin hannu, ya yage ƙasanta, ya ɗaga saman ya nuna wa kowa. "E." Ya ajiye dama. Ya ɗauki wata, ya yage, ya ɗaga. "A'a." Ya ajiye hagu. Guntayen yana tara su a ƙarƙashin gwiwarsa. Tulin hagu yana ta hawa. Da aka gama, A'a ta rinjaya da ƙuri'a uku.

Alhaji bai yi ihu ba. Gara ma da ya yi.

"Malam, me kake yagewa?"

"Abin da bai kamata a rubuta ba, ranka ya daɗe."

"Maki ne?"

"Maki ne."

"Ba ni."

"Ba naka ba ne, Alhaji. Ba nawa ba ne."

"Mutum talatin sun shigo gidana, sun ci abincina, sun kalli idona sun ce suna tare da ni. Ba ginin ne ya dame ni yanzu ba. Ina so in san da wa nake zaune. Ba ni takardun nan."

Malam ya tattara guntayen a hannu ɗaya. Ya cire hularsa, ya zuba su a ciki, ya mayar da ita kansa ya danna. Sannan ya ce, "Ga su nan. Wanda zai iya cire wa malaminsa hula ya taso."

Rabin ɗakin ɗalibansa ne. Alhajin kansa, ƙannensa biyu a hannun Malam suka koyi baƙi. Ba wanda ya motsa. Hajiya Turai ta ce, "To, khalas, ya isa haka, a yi addu'a a tashi," aka shafa fatiha.

Ban san inda ya kai guntayen ba, ban kuma tambaya ba. Amma kowa ya san yage takarda bai goge komai ba. Idon da ya haddace makin Deira ya ga kowace ɗaya.

Sati biyu Alhaji yana bin sa, da lallashi, da fushi, da shiru. Da ya gaji sai ya kira amintaccensa, wanda ya fi kowa yi masa talla. Ya ce, "Ashiru, kai yaronsa ne, yana jin maganarka. Je ka samo min sunayen. Ba abin da zan yi musu, so nake in sani." Na ce, "An gama, ranka ya daɗe."

Na same shi bayan azahar a bakin ruwa, inda ƙananan jiragen fito suke tsayawa, yana shan shayin karak mai madara a kofin takarda. Na zauna na fara zagaye-zagayen da na iya: zafin bana, tsadar kwantena, ciwon gwiwarsa. Ya bar ni na gama.

"Monita, an aiko ka rubuta sunayen masu surutu?"

"Haba Malam. Alhaji ne dai hankalinsa bai kwanta ba. Ko biyu ne a ba shi ya huce."

"To. Ka zo da biro?"

"Na zo da shi."

"Daga wa kake so mu fara?"

Ya tsare ni da ido. Na kalli ruwa.

Sai ya ce, "Makinka yana da kyau, Ashiru. Ba ko'ina ake sa shi ba." Ya kurɓi shayinsa. "Ni E na rubuta, in kana son suna ɗaya ka kai masa. Na koyar a ɗakin nan shekara da shekaru, na san inda yake yoyo. Na so a gina ko da bashi ne. Kun kayar da ni. Amma na ce muku sirri ne kafin ku rubuta, ba zan canza magana bayan kun rubuta ba."

Wannan ita ce gaɓar da ya kamata in tashi in je in ce wa Alhaji ga ni, ni ne ɗaya. Na tashi, na je. Abin da na ce shi ne, "Ranka ya daɗe, ya ƙi. Ka san tsufa, taurin kai." Alhaji ya ce, "Ko dai shi ya zuga su tun farko?" Na san amsar. Minti ashirin da suka wuce aka faɗa min ita a bakin ruwa. Na ɗaga kafaɗa na ce, "Allah masani."

Kalma biyu. Na sha yin ƙarya mai tsawo a kasuwa wadda ba ta cuci kowa kamar waɗannan biyun ba.

Da lokacin sabunta bizar Malam ya zo, ba a sabunta ba. Alhaji ya ce shekaru ne, kuma ya yi masa tikiti da sallama mai kyau, ba zan ɓoye wannan ba. Wataƙila shekarun ne. Amma mu da muka rubuta A'a mun san abin da muka sani, kowa a cikin cikinsa, ba wanda ya san na kusa da shi. Muka raka shi filin jirgi muna ta "Allah ya kiyaye hanya, Malam", muna rige-rigen ɗaukar masa jaka. Ya bi mu ɗaya bayan ɗaya ya yi musabaha, fuska ɗaya ga kowa. Ko da matsa hannu bai bambanta mai E da mai A'a ba. Na lura, domin ina jira in ga ko zai yi.

Da ya koma gida bai zauna ba. Gudummawar da ake tarawa a hankali, ba bashi, shi ya tsaya a kanta. Aka buga bulo, aka tayar da aji biyu har linta. Yakan turo hoto a zaure ba tare da dogon bayani ba: "An kai nan." Har yau ba rufi. Damina biyu ta wuce a kan yaran nan, kuma ina cikin waɗanda suka sa hakan. Wasiƙar gwamnati ma har yau ana duba yiwuwa. Ban san wanda ya yi daidai ba tsakanin E da A'a, kuma ban rubuta wannan don in ci gardama ba. In aka sake ba ni takarda gobe, ina jin A'a zan sake rubutawa. Abin da ba zan sake ba shi ne in bar wani ya biya min kuɗinta.

Sau uku yana kirana bayan ya koma. Sau ɗaya na ɗauka. Ya tambayi uwata, ya tambayi ginin gidanta, ya ce in rage shan sanyi. Bai ta da maganar ba. Sauran biyun na ga sunansa a waya na bar ta tana ƙara, na ce zan kira in na samu natsuwa.

Alhaji Mamuda, ranka ya daɗe. Ka nemi sunaye, mutumin da ya san su ya koma ga Ubangijinsa bai ba ka ko ɗaya ba. Sauran ban san su ba, in ma na sani ba nawa ba ne. Ga guda ɗaya da nake da iko da shi: Ashiru, wanda ya zauna a damanka ranar, ya rubuta A'a. Malam Hamisu E ya rubuta, bai zuga kowa ba, kuma na san haka lokacin da ka tambaye ni. Bizata saura wata biyu. Fasfona da takarduna za su iso teburinka kamar kullum, abin da ka ga dama ka yi. Ba zan aiko kowa ya ba ka haƙuri ba. Abu ɗaya nake roƙo: abin da ka riƙe a ranka game da shi, ka sauke. Ba a kansa yake ba.

Malama Rabi, uwargidansa, da 'ya'yansa, ku yafe min. Shekarun da ya kamata ya ƙara yana aiki yana aiko muku, da bakina a cikin abin da ya rage su. Na kasa faɗa masa yana raye, ku nake faɗa wa.

Ya Allah, bawanka Hamisu ya zo gare ka. Ka jiƙansa, ka gafarta masa, ka yalwata masa makwancinsa, ka sanya haske a cikinsa. Duk harafin da ya koya wa yaro, duk kwalin da ya naɗe ba a gani ba, ka sa ya tarar da su a mizaninsa. Ka ba iyalinsa haƙuri da dangana, ka zama gatansu, kada ka bar su su nemi wani abu a hannun wanda zai juya musu baya. Ka ba mu ikon rufa azuzuwan da ya bari a buɗe.

Ya rufa mana asiri a ɗaki ɗaya, a gaban mutum ɗaya, ya rasa abincinsa a kai. Ya Allah, ranar da za a buɗe takardun kowa a gaban kowa, ka rufa masa nasa. Amin.